Wa Ke Biyan Mai Gadin Daji? Fashin Baƙi Kan Sana'ar Kula da Ƙasa

Idan ka sayi kwandon tumatir a kasuwar 'Yan Kaba cikin watan Fabrairu, mutane da yawa ka biya ba tare da ka ƙirga su ba: manomin Kadawa, direban da ya ɗauko kayan, dillali, ɗan dako, har da mai saƙa kwandon. Mutum ɗaya ne ko sisi bai shiga hannunsa ba, alhali ba don shi ba da tumatirin bai sha ruwa ba. Shi ne wanda ya hana a sare dajin da ruwan ya ratso.

Bi sawun ruwan ka gani. Gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga suke sha, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Tiga kuwa Kogin Kano ne ke cika ta, shi kuma kogin ta cikin dajin Falgore yake biyowa. Kafin a mayar da Falgore wurin adana namun daji, sunansa gandun dajin Kogin Kano. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka abin da ya sa aka keɓe shi tun zamanin Turawa.

Abin da daji ke yi wa ruwa ba wani sirri ba ne. Ruwan sama idan ya faɗo kan ganye da ciyawa, ƙarfinsa yana karyewa, ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa tsatsowa a hankali har bayan damina ta ɗauke. Idan ya faɗo kan ƙasar da aka share, sai ya kwashi saman ƙasar ya ruga da ita kogi. Wannan laka ba ɓacewa take yi ba, a gindin dam take kwanciya, kowace shekara ta ci wurin da ruwa zai zauna. Wadda ta wuce gaba kuma ita ke sa matatar ruwa irin ta Tamburawa ta ƙara zuba alam da sauran magunguna kafin ruwan ya shawu. Ke nan gatarin mai gawayi a Doguwa, bakin dajin Falgore, yana da hannu a lissafin kuɗin hukumar ruwa a birni, ko da su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

A kan wannan giɓi, tsakanin mai cin amfani da mai ɗaukar wahala, aka gina sana'ar da muke magana a kai. Kamfanin kula da ƙasa da muhalli, idan ka cire masa ado, aikinsa shi ne ya samo wanda ke amfana da lafiyar wani yanki na ƙasa, ya sa shi ya biya, ya yi aikin ko ya sa mutanen wurin su yi, sannan ya nuna shaidar cewa an yi. A tsakani yake cin nasa.

Reshen sana'ar da muka fi sani a nan Kano shi ne na kwangila. Gwamnati ko wani shiri mai tallafin waje zai ba da aikin dasa itatuwa, ko gyaran kwarin da zaizaya ta haƙa, ko farfaɗo da filin da ya mutu. Manyan hanyoyin kuɗin a yanzu biyu ne. Akwai shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wanda Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Akwai kuma shirin ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1. Ƙarƙashin waɗannan ne ƙananan 'yan kasuwa ke samun shiga: mai rainon dashe a leda, mai tankar ruwa, mai sayar da wayar shinge, mai awon fili, mai haƙa rijiyar burtsatse.

A nan nake son in ɗan daɗe, don a nan ne yawancin kuɗin ke zurarewa. Mutane suna ɗauka tsadar dasa itace tana cikin dashen ne. Ba haka ba ne. Dashen da ramin su ne mafi arha. Tsadar tana cikin watannin da ba a ganin gajimare, daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da dashen ke buƙatar a ba shi ruwa, a kare shi daga akuya da gara da gobarar daji, kuma ba rani ɗaya ba, biyu ko uku kafin saiwarsa ta kai ga damshi. Na taɓa tsayawa wurin wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi, ina taya darbejiya guda goma. Na tambaye shi ko suna kamawa. Ya ce, "Alhaji, a wurina duk masu rai ne. Rani ne alƙali, ba ni ba." Gaskiyarsa. Bakwai daga ciki awakin unguwa ne suka yanke musu hukunci tun kafin rani ya zo, don na yi rowar kuɗin kewaye.

To idan yarjejeniyar ta ce za a biya ɗan kwangila kan adadin da ya dasa, me zai mayar da shi wurin a watan Maris? Ya dasa, an zo an ɗauki hoto, an yanka kirtani, an sa hannu a takarda. Kamfanin da ya san aikinsa, da mai ba da aikin da ya san ciwon kuɗinsa, sukan raba biyan: kaso kaɗan ranar dashe, sauran bayan an dawo an ƙirga masu rai a ƙarshen rani na farko, na biyu, na uku. Wannan sauyi ɗaya yana canza komai. Ɗan kwangilar da kansa zai ƙi dasa iri wanda bai dace da ƙasar ba, zai ƙi dashe a ƙarshen damina, zai nemi mai unguwa da matan ƙauye ya ɗauke su aikin ban ruwa, don yanzu kuɗinsa na rataye a wuyan itacen.

Akwai kuma darasin shingayen itatuwa da aka yi a yankin Dambatta shekarun baya don tare iskar da ke binne shuka da rairayi. Turare aka fi dasawa. Iskar ta ragu, amma manoman da gonakinsu ke jikin shingen suka ga geronsu na ramewa, saboda saiwar turare na janye damshin. Sai da aka koma datse saiwoyin ta gefen gona kafin a daidaita. Wanda ya dasa shinge bai tambayi mai gonar da ke kusa ba, ya shuka wa aikinsa maƙiyi.

Abin mamaki, aikin farfaɗo da ƙasa mafi girma da aka gani a yankinmu ba kwangila ce ta yi shi ba. A Maraɗi, daga 1983, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share su duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Mutanen Nijar suka sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta ya bazu a kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba leda, ba tanka. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai zo ya ci shi tara ba idan ya sari reshe.

Manomin karkarar Kano ba baƙo ba ne a wannan. Masu bincike irin su Michael Mortimore sun shafe shekaru suna mamakin yadda ƙasar da ke kewaye da birni ake noma ta kowace shekara ba hutu, jama'a cunkushe, amma ba ta mutu ba. Amsar tana cikin jakunan da ke fita da takin birni zuwa gona da rani, da dabbobin da ake ɗaurewa a gida a tara kashinsu, da itatuwan da aka bari tsaye a tsakiyar gona: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, da uwa uba gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da shuka ke son rana, ganyen ya zama taki, sannan ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'yan da take ci. Duk wanda ya taɓa ganin dawar gindin gawo ya san bambancinta da ta fili. Ga kiyaye muhalli yana yi wa noma da kiwo hidima a fili ɗaya, tun kafin a ƙirƙiro masa sunan boko.

Wani reshen sana'ar na masu takarda ne. Bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu a 1988, Najeriya ta farka, kuma a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Daga nan kamfanonin ba da shawara suka samu kasuwa: su auna ruwa da ƙasa da iska, su rubuta rahoto, su tsara yadda za a rage ɓarna. Rauninsa a bayyane yake, mai aikin ne ke biyan mai rahoton. Wanda ya tsaya a bakin rafin Getsi ya ga kalar abin da ke fitowa daga Bompai ya gangara Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da shi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin tazarar da ke tsakanin rahoto da aiki.

Sai masu karɓar gandun daji su gudanar bisa yarjejeniya da gwamnati. Dajin na hukuma ne, amma ɗaukar masu gadi, horar da su, gyaran hanya da neman kuɗi na hannun wanda aka ba. Haka aka yi a Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar nan, inda gidauniyar Africa Nature Investors (ANI) ta shiga yarjejeniya da hukumar gandun daji ta tarayya a 2017. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mun ga abin da Falgore ya zama lokacin da ido ya ɗauke daga kansa: mafakar ɓarayin shanu da masu tare hanyar Jos, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Dajin da ba mai kula da shi ba ya zama fanko, wani ne zai shiga.

Reshen da ya fi sabunta, kuma ya fi wuyar fahimta, shi ne sayar da sakamakon kansa. Birnin Niyok na Amurka ya fuskanci zaɓi a shekarun 1990: ko ya gina matatar ruwa da aka ƙiyasta za ta haura dala biliyan 6, ko ya kare tsaunukan Katskil da ruwansa ke fitowa. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan can sama, yana sayen filaye, yana biyan manoma su nisanta shanu da taki daga bakin rafi, a kan kuɗin da bai kai rabin na matatar ba. Kosta Rika ta fara biyan masu filaye kuɗin barin daji a tsaye a shekarar, daga harajin man fetur, kuma yau fiye da rabin ƙasar daji ne bayan ta kusa ƙarar da shi. Kusa da mu, an kafa asusun ruwa na Nairobi a 2015, inda hukumar ruwa da kamfanin lantarki da masana'antu ke zuba kuɗi a tallafa wa manoman saman Kogin Tana su tare zaizaya. Ba ɗaya daga cikinsu da ya yi don tausayin tsuntsu. Lissafi suka yi suka ga gadin ya fi gyara arha.

Ingila ta ƙara wani mataki. Tun Fabrairun 2024, masu manyan gine-gine sai sun nuna cewa sun bar halittun wurin da kashi 10 cikin 100 fiye da yadda suka same su, kuma a kula da hakan shekara 30. Wanda ba zai iya a filinsa ba sai ya saya daga wani mai fili da ya farfaɗo da fadama ko kurmi. Nan take manomin da ke da gefen gona marar amfani ya samu abin sayarwa, kamfanoni kuma suka taso suna aunawa, suna dillanci, suna kula. Doka ce ta haifi kasuwar. Duk ranar da aka janye dokar, kasuwar za ta watse.

Yanzu dawo cikin ganuwa ka dubi kududdufai. Asalinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, na gidaje da na badala. Shekaru aru-aru suna aikin da ba wanda ya ɗauke su: idan aka yi mamakon Agusta su shanye ruwan unguwa, su riƙe shi, ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Ba na wanke su daga laifi, sauro da shara da nutsewar yara duk gaskiya ne. Amma maganin kududdufi mai ƙazanta yashewa ne da kewayewa. Abin da muka yi shi ne cikewa da bola, a yanka fuloti, a yi shaguna. Wanda ya cike ya ci ribarsa sau ɗaya ya tafi. Maƙwabta su ke biya duk damina, da katangar da ta zube, da katifar da ta jiƙe, da rijiyar da ta ƙafe aka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Gwamnati ta biyo baya da kwangilar magudana ta miliyoyi don yin aikin da ramin ke yi kyauta. Da a ce mai neman izinin gini a hukumar tsara birane ta KNUPDA sai ya nuna inda ruwan da simintinsa ya kora zai zauna, ko ya biya wanda ke riƙe da wurin, da kududdufi ya zama kadara mai kawo haya, da kuma an samu masu sana'ar yashe shi da gadinsa.

Ba ma sai mun aro tunanin daga Turai ba. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da hurumi, filin da ba a nomawa ba a ginawa, na kiwo da amfanin kowa. A fiƙihu akwai hima, wato filin da aka keɓe don amfanin jama'a, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi. Akwai harimin rijiya da na kogi, wato filin da ake bari a kewayensu. Abin da ya ɓace mana shi ne mai tsaron hurumin da kuma abin da zai ci.

Kasuwar iskar kabon ita ce ake ta yayatawa yanzu, kuma ita na fi ɗari-ɗari da ita. Tsarinta: itace na zuƙar iskar da ke ɗumama duniya, a auna, kowane tan 1 ya zama takarda, kamfanin waje mai fitar da hayaƙi ya saya. Tsakanin manomi da mai sayen akwai mai tsara shirin, mai awo, mai tantancewa, mai rajista da dillali, kowa da la'adarsa, kuma kuɗin farko kan ɗauki shekaru kafin ya zo. A 2023 binciken 'yan jarida ya nuna cewa da yawan takardun kare dazuzzuka da aka sayar sun zuzuta amfaninsu, farashi ya faɗi. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu itace ba ya saurin girma, don haka abin da hekta ɗaya za ta kawo ba shi da yawa. Sannan ga tambayar mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, yawancin manoma kuma gado suke nomawa ba takarda. Idan aka sa hannu a yarjejeniyar shekara 30, wa ya sayar, wa zai karɓa, kuma magada sun sani? Ga wanda aka zo masa da irin wannan, ƙaro da zuma da kalwa da harawa, waɗanda za a iya kaiwa kasuwa a karɓi kuɗi a hannu, su ne jarin. Kabon in ya zo ƙari ne.

Makiyayi ne ake yawan mantawa a duk wannan lissafi. Filin da takarda ta kira "wanda ya lalace, ba mai amfani da shi" sau da yawa makiyaya ce ko burtali. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma gona da gini sun cinye da yawansu. Kamfanin da ya zagaye irin wannan fili da waya ya hana shiga, wayar ba za ta kwana biyu ba. Masu dabara suna rufe yanki na 'yan shekaru, su bar a yanki ciyawa a sayar ko a raba, su buɗe wani yankin bi da bi, su ɗauki 'ya'yan ruga cikin masu gadi. Saniyar da ta kwana a gona bayan girbi taki take bari, wannan tsohuwar ma'amala ce da manomi har dawa yake bayarwa a kanta.

Kuma kada mu mutanen Kano mu ɗauka mu kaɗai ake bi bashi. Mu ma muna saman wasu. Tun da aka datse Tiga, sannan Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki ba yankewa da rani kuma ya ba kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa da makiyayan can su suka biya wani ɓangare na tumatirin Kadawa.

Wa zai fara biya a Kano? Ba na sa ran hukumar ruwa, wadda kuɗin da take tarawa bai isa ya riƙe injinanta ba. Waɗanda ke da kuɗi kuma ruwa ne jarinsu su ne masu injinan casar shinkafa da suka cika hanyar Zariya da Kura, masu kamfanonin lemo da ruwan roba, majemu, da ƙungiyoyin manoman rani. A ce kowane buhun shinkafa da aka casa a ware masa 'yan nairori zuwa asusun da ba ya hannun ma'aikata, mai kwamitin da masu zuba kuɗin ke zaune a ciki tare da wakilan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila da ardon Fulani. A biya ƙauyukan bakin daji kan abin da ake iya aunawa: faɗin da gobara ba ta ci ba, itatuwan da suka kai rani na uku, da yawan lakar da ke cikin kwalbar ruwan da aka ɗiba a mashigar Tiga a watan Agusta, a kwatanta da ta bara.